Magana ba ta barin ƙashi

Wata rana a aji wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malam, wa ya fara magana a duniya, kuma da wane harshe?" Ƴan ajin suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don tambayar ta daɗe tana wahalar da manya. Addini yana da amsarsa. A nan abin da masu bincike suka tono zan kawo.

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin Girka Hirodotus ya ba da labarin Fir'auna Samtik na Masar. Wai ya ba wani makiyayi jarirai biyu, ya hana kowa yi musu magana, don a ji harshen da zai fito daga bakinsu. Bayan shekara biyu suka ce "bekos", wato gurasa a harshen mutanen Firijiya. Ni dai ina zaton kukan awakin da suka shayar da su suka kwaikwaya.

Shaci-faɗi irin wannan ya yi yawa, har a 1866 ƙungiyar masana harshe ta Paris ta daina karɓar duk wani rubutu kan asalin magana. Dalilin a fili yake: magana iska ce, ba ta barin ƙashi. Rubutu mafi tsufa, na ƙasar da ake kira Iraki a yau, bai wuce shekara 5,000 da ɗoriya ba, alhali ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono a Jabal Irhud ta Maroko sun kai kimanin shekara 300,000.

Sai dai akwai sawu. A 1983, a kogon Kebara na Isra'ila, an sami ƙashin maƙogwaron wani mutumin Niyandatal, mai kama da namu ƙwarai. A 2001, masana a Ingila suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP2 a wani dangi da kusan rabinsu ke fama da wahalar furuci.

Amma abin da ya fi ratsa ni ya faru ne a Nikaragwa. Daga 1977 aka fara tara yara kurame a makaranta a birnin Managwa. Malamansu suna ta ƙoƙarin koya musu Sifaniyanci, su kuwa a filin wasa suka ƙirƙiro harshen hannu nasu. Ƙannen da suka zo daga baya suka ƙara masa ƙa'idoji har ya cika.

Fir'auna ya ware yara, ya tashi da kalma ɗaya. A Managwa an haɗa su, harshe sukutum ya fito. Ke nan magana a cikin jama'a take tsiro.

Don haka, iyaye, kada mu miƙa wa yaro waya mu yi shiru. Mu yi hira da shi, mu yi masa tatsuniya. Malamai kuma, idan mun ji surutu a filin makaranta, kada mu yi saurin ɗaukar bulala.