Hachette: Daga Ƙaramin Kanti zuwa Uwar Kamfanonin Littafi

Duk ɗan lakwal na ƙasar nan ya taɓa riƙa littafin da ya fito daga gidan Hachette, ko ya sani ko bai sani ba. Sunayen EDICEF, Hatier da Larousse da muke gani a bangon littattafai, ai duk ƴaƴan gida ɗaya ne. To, mu da muke rubutu muna kai wa mai fotokofi, ya kamata mu san yadda wannan gida ya ginu, da inda ƙarfinsa yake.

Louis Hachette malanta ya so yi. Amma a 1822 gwamnatin Faransa ta rufe makarantar horon malamai da yake karatu a ciki, hanya ta toshe. A 1826 sai ya sayi wani ɗan kantin littattafai a birnin Paris. Sa'arsa ta zo a 1833, lokacin da minista Guizot ya kafa dokar da ta tilasta wa kowace karamar hukuma buɗe makarantar firamare. Makarantu sun buɗe, littafi babu. Gwamnati ta ba Hachette odar littattafan koyon karatu dubu ɗaruruwa. Jarin farko ke nan, kuɗin ƴan makaranta. Kasuwa ce mai tabbas, don kowace shekara sai an yi sabbin ɗalibai.

Dabara ta biyu ita ce ta fi muhimmanci. Ya ga yadda W. H. Smith ke sayar da littattafai a tashoshin jirgin ƙasa na Ingila, sai ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jirgin Faransa tun daga 1852. Ya kakkafa rumfuna a tashoshi, ya buga ƙananan littattafai masu araha don matafiya. Kun ga ke nan shi ke bugawa, shi ke kaiwa, shi ke sayarwa. Sauran masu buga littafi suka yi ta kuka, don wanda bai bi ta hannunsa ba, littafinsa ba ya ganin tasha. Bayan rasuwarsa a 1864, magadansa suka faɗaɗa harkar har ta haɗa da rarraba jaridu. Faransawa suka laƙaba wa kamfanin sunan wata dabbar teku mai hannuwa takwas, wai ba inda hannunsa bai kai ba.

A 1953 suka fito da Le Livre de Poche, littafin da ke shiga aljihu, mai rahusa. Daga nan aka shiga sayen gidajen da suka riga suka yi suna: Grasset a 1954, Fayard a 1958, Stock a 1961, Hatier a 1996, Larousse a 2004. A 2006 suka tsallaka Amurka suka sayi sashen littattafai na Time Warner.

Abin lura shi ne, in sun sayi gida ba su goge sunansa. Tsarin kamar na babban gida ne mai sassa da yawa. Kowane sashe da editocinsa, su ke zaɓen rubutun da za a buga, su gyara, su yi ciniki da marubuci. Amma rumbu ɗaya ne. Lissafin kuɗi na uwar kamfani ne. Wakilan da ke zagaya kantuna suna tallata sabbin littattafai nata ne. Babban sito na garin Maurepas, inda ake ajiya da lodi da karɓar littattafan da suka yi kwantai, shi ma nata ne. Har ƙananan kamfanonin da ba nata ba suna biyanta don ta kai musu kaya.

Nan ne riba take. A kuɗin littafi guda, marubuci kan samu wajen kashi 10 cikin 100, mai kanti ya ɗauki wajen sulusi. Edita caca yake yi, don littattafai da yawa ba su mai da jarinsu, ƴan kaɗan da suka karɓu ne ke ɗauke da sauran. Shi kuwa mai rarrabawa, littafi ya fita a biya shi, ya dawo ma a biya shi.

Sai maganar mai gida. A 1980 kamfanin Matra na Jean-Luc Lagardère, mai ƙera makamai, ya karɓi Hachette. A 2023 kuma Vivendi ta Vincent Bolloré ta karɓi Lagardère ɗin. Wannan suna ba baƙo ba ne gare mu, shi ne aka damƙa wa aikin layin dogo na Yamai zuwa Dosso. Marubuta da dama a Faransa sun nuna fargaba, wasu ma sun bar Fayard, don mai kuɗin shi ke naɗa shugaban da zai ce a buga wannan, a bar wancan.

Mu nan fa? In dai manyan kwangilolin littattafan makaranta na tafiya waje, to kuɗin da ya tayar da Hachette a zamaninsa ba zai tayar da namu masu bugawa ba. Sannan rubutu mai kyau kaɗai bai isa ba. Littafin da aka buga a Maradi, in ba a san wanda zai kai shi Tahoua da Damagaram ya dawo da kuɗin ba, cikin kwali zai tsufa. Kafin mu yi mafarkin injin buga littafi, mu fara shirya hanya: wa zai ɗauka, wa zai ajiye, wa zai riƙe lissafi.