ZAMANIN DA, DA ZAƘINSA A BAKI

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A nan Shumaisi, in dattawa suka zauna bayan lisha, ba a daɗewa sai zance ya koma kan zamanin da, watau lokacin da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka nufo gabas. Sai a ce a da akwai albarka, akwai amana, yanzu kuwa duniya ta lalace. To, jama'a, bari mu duba wannan hanya yadda take a tarihi.

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran mutane har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Bayansu ayari bai yanke ba. Daga Kano a bi Maiduguri, a ƙetare zuwa Fort Lamy wadda ake kira Injamena yanzu, sa'an nan Abeshe, Janaina, Fashir, Lubayya, har Sawakin a bakin Bahar Maliya.

Tafiyar nan ba ta wata ɗaya ba ce. Waɗansu sukan yi shekara biyar, waɗansu goma, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban mahajjata suka tsaya tsinkar auduga, da yawansu ba su ga Ka'aba ba, ba su kuma koma gida ba. Ga ƙishirwa, ga agana, ga 'yan fashi. Akwai ma yaran da aka rabo da iyayensu da sunan hajji, aka sayar da su a Hijaz, gama ba a hana bauta a wannan ƙasa ba sai 1962.

Gidan da aka baro ma ba aljanna ba ne. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane ba iyaka a ƙasar Hausa. Nan Riyad kuwa, annobar mura ta 1918 zuwa 1919 ta yi ɓarna har Larabawa suka sa wa shekarar suna Sanatur Rahma, saboda yawan waɗanda aka roƙa wa rahama. Turki, babban ɗan Sarki Abdul'aziz, yana cikinsu. Babban asibitin nan namu na Shumaisi sai a 1956 aka buɗe shi.

To, me ya sa labarin ya yi zaƙi haka? Dalili biyu ne. Na fari, wanda ya iso shi ke ba da labari. Wanda aka binne a rairayin Darfur ba ya zama a majalisa, balle ya ce ba haka aka yi ba. Na biyu, zuciya kamar rariya take: wahala ta zube, daɗi ya tsaya. Dattijo ya tuna tuwon da aka ci tare a zango, ya manta kwana ukun da aka yi ba a ɗora tukunya ba. Sau da yawa kuma ba zamanin yake bege ba, ƙuruciyarsa yake bege, da 'yan'uwan da suka riga shi.

Amma samari, kada ku ce tsofaffi ƙarya suke yi. Zumuncin nan gaskiya ne. Baƙo ya sauka wurin mai unguwa, a ba shi ɗaki da abinci ba a tambayi garinsu ba. Wuya ce ta haifi wannan hali, domin wanda ya ware daga ayari ya halaka.

Saboda haka roƙonmu ga iyayenmu shi ne, in za ku ba mu labarin da, ku ba mu shi ɗungum, da zumarsa da maɗacinsa. Yaron da aka gaya wa cewa alheri ya ƙare tun kafin a haife shi, ba zai yi ƙoƙarin kome ba. Ku kuma samari, ku rubuta abin da kuka ji tun masu faɗa suna da rai. Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a hanya, amin.