Houston Texans da Kasuwar Zaɓen 'Yan Wasa: Daga David Carr Zuwa Amobi Okoye da Waɗanda Suka Biyo Baya

 Yau za mu ɗan kauce daga ƙwallon da muka saba gardama a kai a gidajen kallo, mu leƙa ƙwallon Amurka, wato wannan mai kama da zari-ruga, da ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Abin da nake so mu duba shi ne tarihin yadda ƙungiyar da nake goyon baya, Houston Texans, ta riƙa zaɓen sababbin 'yan wasanta tun daga kafuwarta, da yadda hukuncin da magoya baya ke yankewa a daren zaɓen yake yawan saɓa wa abin da shekaru ke nunawa daga baya.

Da farko sai mai karatu ya fahimci tsarin, don ya sha bamban da namu. A ƙwallon da muka sani, mai kuɗi shi ke ɗaukar gwani. Ahmed Musa ya yi fice a Kano Pillars, a 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta zo ta tafi da shi, shi ke nan. A gasar NFL ta Amurka kuwa, samarin da suka gama wasa a jami'o'i ana jera su ne a ƙarshen watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Wannan shi suke kira diraf. An fara shi a 1936 bisa shawarar Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, wanda ya gaji da ganin manyan ƙungiyoyi suna kwashe gwanaye. Abin dariya, wanda aka fara zaɓa a tarihi, Jay Berwanger, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Duk wanda ya taɓa sayen maraƙi a kasuwar Potiskum don kiwo ya san irin wannan ciniki: za ka duba ƙafa, ka duba ƙirji, ka tambayi asali, amma sai an ci damina biyu ko uku kafin a san ko ka yi riba.

Birnin Houston ya rasa tsohuwar ƙungiyarsa, Oilers, wadda ta koma jihar Tennessee a 1997. A 1999 aka ba attajiri Bob McNair izinin kafa sabuwa a kan dala miliyan 700, ta fara wasa a 2002, aka kuma ba ta zaɓi na ɗaya a wannan shekarar. Ta ɗauki David Carr daga jami'ar Fresno State, a matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, wanda shi ne direban ƙungiya baki ɗaya. Gari ya ɗauka da murna, ballantana da suka doke maƙwabtansu Dallas Cowboys da ci 19 da 10 a wasansu na farko. To amma mai jifa ba ya aiki sai da ƙarti biyar da ke tare masa gaba, kuma babban wanda aka ɗauko don wannan aikin, Tony Boselli, ciwon kafaɗa ya hana shi buga wa ƙungiyar ko wasa ɗaya. A kakar farko kaɗai an kayar da Carr sau 76 kafin ya jefa ƙwallo, adadin da ba a taɓa yi wa wani ba a kaka guda. A shekara biyar an kayar da shi sau 249. Yaro ya zama da ya karɓi ƙwallo sai ya fara waige-waige, a 2007 aka sallame shi. Mutane na cewa zaɓen banza ne. Ni a ganina an sayi maraƙi ne ba a tanadi harawa ba, kuma laifin shugabannin ƙungiyar ya fi nasa yawa.

Na 2003 babu gardama a kansa. Andre Johnson, mai cafe ƙwallo daga jami'ar Miami, zaɓi na uku, ya yi shekara 12 a Houston, kuma a 2024 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen wasan da ke Canton a jihar Ohio.

Inda labari ya yi daɗi shi ne 2006. Texans sun ci wasa 2 sun sha kashi 14 a kakar 2005, don haka zaɓi na ɗaya ya sake dawowa hannunsu, kuma a gabansu akwai taurari biyu da duk Amurka ke magana a kansu. Ga Reggie Bush na jami'ar USC, mai gudu da ƙwallo kamar barewa. Ga kuma Vince Young, ɗan asalin Houston, wanda ya jagoranci jami'ar Texas ta ci kofin ƙasa a watan Janairun wannan shekarar. Rabin gari na son wannan, rabi na son wancan. Ana gobe zaɓe sai babban manaja Charley Casserly da sabon koci Gary Kubiak suka ƙulla yarjejeniya da wani na uku, Mario Williams na jami'ar NC State, mai tsaron baya wanda aikinsa farautar mai jifar abokan karawa. Ihun da aka yi musu ba a magana. 'Yan jarida suka yi ta yi musu ba'a, kuma abin ya ƙara zafi da Young ya faɗa hannun Tennessee Titans, wato tsohuwar Oilers ɗin da ta guje musu, ya zo har gida a watan Disamba ya ruga yadi 39 ya ci su a ƙarin lokaci, ya kuma karɓi kyautar sabon ɗan wasan gaba na shekara. A lokacin kowa ya gama yanke hukunci.

Sai shekaru suka yi nasu aikin. Williams ya kayar da masu jifa sau 14 a 2007, sau 53 a shekara shida da ya yi a Houston kafin ya koma Buffalo a 2012. Titans sun sallami Young a 2011. Bush ya ci kofin Super Bowl da New Orleans Saints, ya yi wasa mai kyau daidai gwargwado, amma bai zama dodon da aka zata ba. Kuma a wannan zaɓen na 2006 da aka yi ta zagi, a farkon zagaye na biyu Texans suka ɗauki wani yaro daga jami'ar Alabama mai suna DeMeco Ryans, wanda ya zama sabon mai tsaron baya mafi ƙwazo a wannan kakar. Mai karatu ya riƙe wannan sunan, za mu sake haɗuwa da shi. Casserly kuwa ya ajiye aiki jim kaɗan bayan zaɓen, bai zauna ya ga amfanin gonar da ya shuka ba.

Yanzu ga namu. A 2007 Texans na da zaɓi na 10, suka ɗauki Amobi Okoye, haifaffen jihar Anambra a watan Yunin 1987. Wannan zaɓen ne ya sa ni da wasu 'yan Najeriya da dama muka fara bin ƙungiyar, don dama Houston na cikin biranen Amurka da 'yan ƙasarmu suka fi yawa. Labarin yaron kamar a fim: ya isa Huntsville ta jihar Alabama yana shekara 12, saboda kaifin ƙwaƙwalwa aka tsallakar da shi aji, ya fara wasa a jami'ar Louisville yana 16, ya gama digirinsa a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, aka zaɓe shi yana 19, mafi ƙarancin shekaru da aka ɗauka a zagayen farko. Kafin shi akwai Christian Okoye na Enugu, wanda Kansas City Chiefs suka ɗauka a 1987, ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989 da yadi 1,480, don haka sunan ba baƙo ba ne a kunnen Amurkawa.

Hujjar masu zaɓen ita ce shekarun. Suka ce idan yana 19 yana yin haka, ina ga ya kai 24? Ya fara da kyau, a watan Satumbar 2007 aka ba shi kyautar sabon mai tsaron baya na wata, ya gama kakar da kayarwa biyar da rabi (idan mutum biyu suka haɗu suka kayar, rabi-rabi ake rubuta musu). Daga nan abin ya tsaya. Shekara huɗu, kayarwa 11. A 2011 aka kawo Wade Phillips ya sauya tsarin tsaron baya, tsarin bai dace da shi ba, aka sallame shi ya tafi Chicago Bears.

A nan dole a faɗi gaskiya ko da ɗan ƙasarmu ne. Wanda aka ɗauka nan take bayansa, zaɓi na 11, Patrick Willis ne. Na 12 Marshawn Lynch, na 14 Darrelle Revis. Willis da Revis duk suna zauren karramawa na Canton. A ma'aunin ƙungiya, zaɓen Amobi asara ce, kuma irin asarar mai sayen abin da ake fata maimakon abin da ido ya gani. Abin lura kuma shi ne ba a yi masa irin ihun da aka yi wa Williams ba, masana da yawa ma yabawa suka yi. A ma'aunin mutuntaka kuwa labarinsa ya wuce lissafin kayarwa. A 2013 wani ciwon kumburin ƙwaƙwalwa da ba a cika samun irinsa ba ya kama shi, likitoci suka sa shi a doguwar suma ta kusan wata uku, ya farka ya rasa tunanin watanni da dama na rayuwarsa, ya sake gina jikinsa har Dallas Cowboys suka ɗauke shi a 2014, ko da yake bai samu buga musu wasa ba. Ina faɗin wannan ne saboda iyayen yara a nan gida, waɗanda ake zo musu da labarin ɗanku ƙarami ne, a kawo kuɗi a kai shi gwaji Turai. Wannan yaro ne da ya samu makaranta, ya samu masu horarwa da likitoci na gani na faɗa, aka zaɓe shi na 10 a duk Amurka, amma kafin ya cika 26 wasan ya ƙare masa. Digirin da ya gama tun yana 19 shi ne abin da ba wanda ya iya sallamarsa daga kai.

A shekarar da aka sallami Amobi, Texans suka ɗauki J.J. Watt na jami'ar Wisconsin a zaɓi na 11. Magoya bayan da suka taru kallo a Houston suka yi ihun rashin yarda, da yawansu Nick Fairley na Auburn suke so. Watt ɗin nan ya zama gwarzon mai tsaron baya na gasar har sau uku, 2012, 2014 da 2015, ya kayar da masu jifa sau 101 a rigar Texans. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale karon farko a tarihinta, ta doke Cincinnati Bengals 31 da 10, shi da kansa ya cafe ƙwallon abokan karawa ya ruga ya ci. Da guguwar Harvey ta yi wa birnin ambaliya a 2017, ya tara sama da dala miliyan 37 na agaji. Masu ihun nan daga baya su ne suka cika filin da riga mai lamba 99.

Sauran zan wuce su da sauri. Jadeveon Clowney, zaɓi na ɗaya a 2014, kowa ya tafa, sai gwiwa ta bar shi da wasa huɗu kacal a kakar farko, alhali Khalil Mack da Aaron Donald suna nan a baya. Deshaun Watson na 2017 ya yi wasa na burgewa, amma ƙararrakin da mata sama da 20 suka shigar a kansa, waɗanda ya musanta, da saɓaninsa da shugabanni, suka kai ga miƙa shi ga Cleveland Browns a 2022, aka karɓo zaɓen zagayen farko har uku.

A 2023 aka ɗauko DeMeco Ryans, yaron nan na zagaye na biyu a 2006, aka ba shi koci. A daren zaɓe Texans suka ɗauki mai jifa C.J. Stroud na Ohio State a na biyu, suka ba Arizona Cardinals zaɓuɓɓuka masu tsada don su hau na uku su ɗauki Will Anderson na Alabama. An yi ta ƙorafin sun biya da yawa. Bambancin Stroud da Carr shi ne ya tarar da mai tare masa gaba irin Laremy Tunsil. Ƙungiyar da ta ci wasa uku a 2022 ta ci 10 a 2023, yaran biyu suka kwashe kyautar sababbin 'yan wasa ta gaba da ta baya, kuma a Janairun 2024 suka doke Browns ɗin nan 45 da 14. Duk da haka har ƙarshen kakar 2024 Texans ba su taɓa kaiwa wasan kusa da na ƙarshe ba, balle Super Bowl.

Ga mai son kallo da idonsa, zagayen farko kan fara ne da misalin ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, daren Alhamis wayewar Juma'a, a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Nguru ke hana kowa barci a ɗaki. A tanadi cajin waya tun da rana. Allah ya kai mu.