New Bell: Unguwar da Baƙi Suka Gina a Duwala

A shekara ta 1884 sarakunan ƙabilar Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa a bakin kogin Wuri. Ba a daɗe ba, baƙon ya nemi ya kori mai gida. Wajen 1910 Jamusawa suka ƙudura su kwashe 'yan ƙasa daga tudun da ke bakin kogi, su mai da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin Turawa da baƙar fata. Wurin da aka keɓe wa mutanen gidan sarautar Bell shi ne aka kira New Bell, wato Sabuwar Bell.

Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi wannan shiri, ya kai kuka har majalisar Jamus. Saboda haka aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, tare da magatakardansa Ngosso Din. A watan Satumba na wannan shekara kuwa sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace birnin.

Yawancin mutanen Duwala ba su yarda su zauna a sabuwar unguwar ba, gama wurin fadama ne. Sai baƙi suka cika ta: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, da waɗansu daga Nijeriya da Dahome. Kowace al'umma ta kama nata yanki, da nata shugaba. Har wa yau akwai unguwar Hausawa a can, da masallatai da majami'u kusa da juna.

Amma akwai babbar matsala. Yawancin mazaunan ba su da takardar mallakar fili, domin gidan Bell da gwamnatin Faransawa kowa yana cewa ƙasar tasa ce. Wanda bai san ranar da za a tashe shi ba, ba zai yi ginin kirki ba. Gidajen katako suka cunkushe, lunguna suka ƙuntata, ga ruwan sama mai yawa, ba magudana. Ɓacin rai ya taru. A watan Mayu na 1955 aka yi tarzoma a New Bell, inda jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai take da ƙarfi. A watan Afrilu na 1960 kuma, lokacin da gaba ta shiga tsakanin maƙwabta, gobara ta cinye unguwar Kongo.

Haske ya ɓullo daga Nylon, wata unguwar fadama da ke maƙwabtaka. A shekarun 1970 mazaunanta suka kafa ƙungiyoyin aikin gayya, suna haƙa magudanai, suna cike hanyoyi, suna yin gadoji da hannunsu. Sista Marie Roumy, 'yar Katolika daga Faransa, ta yi shekaru tana ƙarfafa su. Daga baya, a shekarun 1980, gwamnati da Bankin Duniya da ƙasar Suwizalan suka kawo kuɗi don manyan tituna da kasuwa. Taimakon ya tarar da mutane sun riga sun tashi tsaye.

New Bell ma ta ga irin wannan. Ƙungiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Manga Bell ta zuriyar sarkin nan da mijinta suka kafa a 1991, ta haɗa masu zane da mazauna. A 2010 aka rufe waɗansu lambatu da katako domin mutane su sami wurin wucewa.

Aikin bai ƙare ba, gama ambaliya da cunkoso suna nan. Duk da haka, wurin da aka shirya don a raba mutane ya zama mahaɗarsu. Ruwan lambatu ba ya tambayar addini ko ƙabila kafin ya shiga ɗaki, haka nan kuwa ya kamata masu yashe shi su zama.