Minti Takwas Da Suka Rusa Da'irar Masana Taurari

Yau tarihinmu ya leƙa Turai, wajen wani Bajamushe mai suna Johannes Kepler, wanda aka haifa a 1571.

A makaranta an koya mana cewa Copernicus ne ya ce duniya ke zagaya rana, a littafinsa na 1543. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, bai saki tsohuwar aƙidar Girkawa ba, wadda ta ce duk abin da ke sama a kan cikakkiyar da'ira yake tafiya. Kusan shekara dubu biyu masana na riƙe da wannan magana, Kepler ma da ita ya tashi.

A 1600 ya je birnin Prague ya kama aiki a ƙarƙashin Tycho Brahe, wani attajiri ɗan Danmak da ya shafe kimanin shekara 20 a tsibirin Hven yana auna matsayin taurari. Da ido da manyan kayan awo ya yi wannan aiki, domin ba a ƙera madubin hangen nesa ba tukuna. Tycho mutum ne mai rowar bayanansa, sai da ya rasu a 1601 littattafan awon suka shiga hannun Kepler.

Duniyar Mars ce ta ba shi wahala. Ya yi shekaru yana lissafi da hannu, yana maimaitawa, har ya samu da'irar da ta kusa dacewa da awon Tycho. Saɓanin da ya rage minti 8 ne kacal. Ba mintin agogo ba, na kusurwa: digiri ɗaya minti 60 ne, faɗin cikakken wata a idonmu kuwa kusan minti 30. Ke nan kuskuren bai fi kusan rubu'in faɗin wata ba. Masanan da suka gabace shi da sun ɗora laifin a kan mai awo sun wuce abinsu, kuma ba wanda zai zarge su. Amma Kepler ya san awon Tycho ba ya kaucewa da yawa haka. Sai ya yarda da awon, ya zubar da aikin shekaru. A ganinmu nan ne ya fi sa'o'insa, ba a ƙwarewar lissafi ba.

Abin da ya gano ya fito a littafinsa Astronomia Nova a 1609: hanyar Mars kamar zobe ce da aka ɗan matse, rana ba ta tsakiyarta, ta ɗan karkata gefe guda. Kuma Mars tana ƙara sauri idan ta matso rana, ta rage idan ta yi nisa. Galileo, duk da sun yi musayar wasiƙu, bai karɓi wannan ba, ya ci gaba da riƙon da'ira. Sai a 1687 Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa ƙarfin jan rana ne ke haifar da wannan siffa.

Kepler ya buga jadawalin taurarinsa a 1627, da shi kuma ya lissafa cewa duniyar Mercury za ta gifta ta gaban rana ranar 7 ga Nuwamba, 1631. A ranar, Pierre Gassendi ya ga ɗan baƙin ɗigo yana ratsa fuskar rana daga birnin Paris. Kepler bai gani ba, ya rasu shekara guda kafin nan.