Minecraft: Yadda ake saka 'mod' a wasan, da abin da ya kamata iyaye su sani

Minecraft shi ne wasan bidiyon da aka fi saya a tarihi. A watan Oktoban 2023, kamfanin Mojang da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya sanar da cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 300 na wasan, wanda a cikinsa mai wasa ke haƙar ƙasa, ya sare itatuwa, ya tara tubala masu siffar akwati, ya gina duk abin da ransa ya raya masa, tun daga bukka har zuwa birni guda.

Sai dai ɗimbin masu wasan ba sa tsayawa a kan abin da kamfanin ya ba su. Suna ƙara masa wasu ƙananan manhajoji da ake kira mod, waɗanda ba kamfanin ne ya rubuta su ba. A gidan da kwamfuta ɗaya ce yara ke wasa da ita, iyaye kuma ke shiga asusun banki ko aika wa 'yan uwa kuɗi gida da ita, wannan lamari ya wuce na wasa. Mod manhaja ce cikakkiya, kuma duk inda mai kwamfutar ke iya shiga a cikin na'urarsa, ita ma tana iya shiga.

Mene ne mod?

Kalmar ta samo asali ne daga kalmar Ingilishi mai nufin sauyi ko kwaskwarima. Mod fayil ne da ake jingina wa wasan domin ya ƙara masa wani abu, ko ya sauya yadda yake aiki.

Wasu na ƙara sabbin kayayyaki. Create na kawo injuna da ƙafafun da ruwa ko iska ke juyawa da jiragen ƙasa. Farmer's Delight na kawo noman shinkafa da albasa da tumatir da tukwanen girki. Biomes O' Plenty na ƙara sabbin dazuzzuka da filaye. Wasu kuma aikinsu sauƙaƙawa ne, kamar Just Enough Items mai nuna yadda ake haɗa kowane kaya. Akwai kuma irin su Sodium da OptiFine, waɗanda ke sa wasan ya yi sauri a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai.

Al'adar ta kusa yin tsufa kamar wasan kansa. Markus Persson, wanda aka fi sani da Notch, ya fitar da Minecraft a watan Mayun 2009, kuma kafin a kammala shi a watan Nuwamban 2011 masu sha'awa sun riga sun fara yi masa kwaskwarima. Wasu daga cikin dabarunsu sun shige cikin wasan na asali. Fistan, wato tubalin da ke tura sauran tubala, ya fara ne a matsayin mod kafin a shigar da shi a 2011, dawakan da aka ƙara a 2013 kuma an yi su ne da taimakon wanda ya ƙirƙiro mod ɗin Mo' Creatures. Ko bayan da Microsoft ya sayi Mojang a kan dala biliyan 2.5 a 2014, ba a rufe wannan ƙofa ba.

Java ko Bedrock?

Tambayar farko ga duk mai son saka mod ita ce wane nau'in wasan yake da shi, domin nau'i biyu ne, kuma abin da ya yi aiki a ɗaya ba ya yi a ɗayan.

Nau'in Java shi ne na asali, yana aiki a kwamfutoci masu Windows da macOS da Linux. A nan ne ake saka mod na sosai. Nau'in Bedrock kuwa shi ne na wayoyin Android da iPhone da na'urorin wasa irin su Xbox da PlayStation da Nintendo Switch, yana kuma aiki a Windows. Tun daga watan Yunin 2022 ake sayar wa masu kwamfuta nau'o'in biyu a haɗe, abin da kan rikita mutane da yawa, su sauke mod na Java alhali Bedrock suke buɗewa.

Abubuwa uku da dole su dace

Mod da wasa kamar mukulli ne da kwaɗo: idan haƙori ɗaya ya saɓa, ƙofa ba za ta buɗe ba.

Na farko shi ne lambar siga. Kowane sabuntawa na wasan na da lambarsa, kamar 1.16.5 ko 1.20.1, kuma mod ɗin da aka rubuta wa wata siga galibi ba ya aiki a wata. Shi ya sa har yau akwai masu wasa da suka zauna a kan tsofaffin sigogi irin su 1.7.10 ta 2014 da 1.12.2 ta 2017, saboda yawan mod ɗin da aka rubuta musu.

Na biyu shi ne manhajar ɗorawa. Wasan da kansa bai san da zaman mod ba, sai an girka wata manhaja da za ta ɗauko su ta ɗora masa yayin da yake tashi. Mafi daɗewa a cikin waɗanda ake amfani da su ita ce Forge, wadda ta fito a 2011. Fabric ta biyo baya, ta yi suna da rashin nauyi da saurin bin sabbin sigogi. Quilt ta ɓalle daga Fabric a 2021, NeoForge kuma ta ɓalle daga Forge a watan Yulin 2023. A ƙa'ida, mod na Forge ba ya aiki a Fabric, na Fabric ma ba ya aiki a Forge.

Na uku shi ne abin da mod ɗin ya dogara da shi. Da yawa ba sa tashi sai da wani fayil na taimako. Misali, akasarin mod na Fabric na buƙatar Fabric API. Shafin da aka sauke mod ɗin kan bayyana waɗannan buƙatu.

Matakan sakawa a nau'in Java

Kafin a taɓa komai, sai a yi kwafin duniyoyin da aka riga aka gina. Suna cikin folda mai suna saves, a cikin babbar foldar wasan. A Windows ana isa wannan folda ta danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %appdata%\.minecraft. A macOS tana ƙarƙashin Library/Application Support/minecraft, a Linux kuma folda ce ɓoyayya mai suna .minecraft. Wannan kwafi shi ne zai ceci ginin watanni idan abu ya lalace.

Daga nan sai a zaɓi mod ɗin da ake so, a duba sigar da yake buƙata da manhajar ɗorawarsa. Wannan ne zai nuna wace manhaja za a girka, ba akasin haka ba.

Sai a sauke manhajar ɗorawar daga shafin masu ita, a rufe manhajar kunna wasan, a buɗe fayil ɗin girkawa, a zaɓi sigar da ta dace. Fayil ɗin girka Forge na buƙatar a ce akwai Java a kwamfutar, kuma ita ma Java tana da sigoginta: Minecraft 1.18 na buƙatar Java 17, daga 1.20.5 kuma aka koma Java 21, yayin da tsofaffin sigogi ke tafiya da Java 8.

Bayan an gama, sabon zaɓi mai sunan Forge ko Fabric zai bayyana a manhajar kunna wasan. Sai a koma foldar wasan a nemi folda mai suna mods, idan babu a ƙirƙire ta da wannan suna daidai, da ƙananan baƙaƙe. A cikinta ake zuba fayilolin mod, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da .jar. Ba a buɗe su, ba a kuma warware su, ajiye su kawai ake yi yadda suka zo.

A ƙarshe sai a kunna wasan ta sabon zaɓin, a gwada a sabuwar duniya tukuna kafin a shiga wadda aka sha wahalar ginawa. Dalili shi ne, idan aka cire mod daga baya, duk tubala da kayayyakin da ya kawo za su ɓace daga duniyar, su bar giɓi a cikin gini.

Masu son kauce wa wannan doguwar hanya na amfani da manhajojin CurseForge ko Modrinth ko Prism Launcher, waɗanda ke girka manhajar ɗorawa, su ware wa kowane tsari foldarsa. Ta nan ne kuma ake sauke ƙunshin mod, wato tarin mod goma-goma ko ɗaruruwa da wani ya riga ya daidaita su. Irin wannan ƙunshi na cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai. Manhajar kunna wasan ta Mojang ta daɗe tana ware wa wasan gigabait 2 kacal, manyan ƙunshi kuwa kan buƙaci 6 zuwa 8.

A waya da na'urorin wasa

Ga wanda wayar hannu ce kaɗai hanyarsa ta wasa, fayil ɗin .jar ba shi da amfani. Abin da Bedrock ke karɓa shi ne ƙari, wanda ke zuwa kashi biyu: ɗaya na sauya kamanni da sauti, ɗayan na sauya halayen dabbobi da kayayyaki. Sunayen fayilolinsa na ƙarewa da .mcpack ko .mcaddon. Idan aka buɗe fayil ɗin, wasan kan shigo da shi da kansa, sai mai wasa ya kunna shi a saitin duniyar da yake so.

A na'urorin wasa ba a shigo da fayil daga waje kai tsaye. Babbar hanyar ita ce kasuwar cikin wasan, wato Marketplace, da aka buɗe a 2017, inda ake saye da kuɗin wasa mai suna Minecoins, wanda shi kuma da kuɗin gaske ake sayensa. Ƙarin Bedrock bai kai mod na Java iko ba, domin an killace abin da zai iya taɓawa, kuma wannan killacewa ce ta sa haɗarinsa ya fi sauƙi.

Idan wasan ya ƙi tashi

Mafi yawan matsaloli daga ɗaya cikin abubuwa ukun nan suke fitowa: siga ba ta dace ba, manhajar ɗorawa ba ita ba ce, ko an manta fayil na taimako. Wani lokaci kuma mod biyu ne ke karo da juna, kamar OptiFine da Sodium da ba sa zama wuri ɗaya.

Wasan kan bar rahoto a folda mai suna crash-reports, kuma sau da yawa sunan mod ɗin da ya jawo matsalar na ciki. Idan ba a gane ba, sai a cire rabin mod ɗin a gwada, a ci gaba da rabawa har a kama mai laifin.

Masu wasa tare ta intanet su ma suna da sharaɗi: mod ɗin da ke ƙara kayayyaki dole ya kasance a kan sabar da kuma kwamfutar kowane ɗan wasa. Manyan saba kuma na korar duk wanda suka kama da mod na maguɗi.

Inda haɗarin yake

A farkon watan Yunin 2023 aka gano wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Fractureiser a cikin wasu fayiloli a shafukan CurseForge da Bukkit. Masu kutse sun ƙwace asusun wasu marubuta mod ne, suka ɗora gurɓatattun fayiloli da sunansu. Manhajar ta auka wa kwamfutoci masu Windows da Linux, tana neman kalmomin sirri da aka adana a manhajar shiga intanet, da bayanan shiga asusun Microsoft da Discord, tana kuma musanya adireshin kuɗin kirifto da mutum ya kwafa. Tana iya yaɗuwa zuwa sauran fayilolin .jar da ke cikin na'urar. CurseForge ya cire fayilolin, ya kuma fitar da manhajar bincike ga masu amfani da shi.

Masu waya ma ba su tsira ba. A 2017 kamfanin tsaron intanet na ESET ya bayar da rahoton manhajoji 87 a Google Play da ke iƙirarin su mod ne na Minecraft, waɗanda aka sauke kusan sau miliyan ɗaya, alhali tallace-tallace da shafukan damfara kawai suke kai mutane. A 2020 Kaspersky ya sake gano fiye da 20 irinsu.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna cewa ko sanannen shafi na iya samun ɓaraka, amma duk da haka ya fi shafukan da ke kwashe aikin wasu su sake ɗorawa, ko mahaɗin da baƙo ya turo ta Discord ko ya ajiye a ƙarƙashin bidiyon YouTube. Mod na gaske ba ya zuwa a matsayin fayil ɗin .exe, ba ya neman kalmar sirri, ba ya kuma cewa a kashe manhajar kariya ta kwamfuta. Duk wanda ya yi alkawarin Minecoins kyauta ko cikakken wasa ba tare da biya ba, akwai abin da yake nema, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Iyaye na da matakai masu sauƙi a hannunsu. Za su iya buɗe wa yaro asusunsa daban a kwamfutar, wanda ba shi da ikon mai gudanarwa, ba kuma a adana kalmomin sirrin banki ko imel a cikinsa ba. Za su iya kunna tantancewa mai mataki biyu a asusun Microsoft, su kuma saita asusun yaro ta yadda ba zai sayi komai ba sai da amincewarsu.

Me dokar kamfanin ta ce?

Mojang bai haramta mod ba. Yarjejeniyar amfani da wasan ta amince cewa mod ɗin da mutum ya rubuta da kansa mallakarsa ne, da sharaɗin ba zai sayar da shi ba, ba zai kuma rarraba kwafin wasan da aka yi wa kwaskwarima ba. A 2019 kamfanin ya fara fitar da bayanan da ke sauƙaƙa wa marubuta mod fahimtar lambobin wasan. Sai dai ba ya tantance mod na Java, ba ya kuma ɗaukar alhakin ɓarnar da suka yi. Wannan nauyi na wuyan wanda ya sauke fayil ɗin ya ajiye shi a foldar mods.