"Ta Zo Mu Ji Ta": Makarantar Kunne a Tsakar Gida

A shekarar 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka Ingila tare da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya zaga ƙasar Hausa da Borno ana ce masa Abdulkarim. An kama yaron bauta yana ƙarami a yankin Damagaram, ya rabu da uwa da uba, ya bar gida ba allo ba littafi. Amma da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana rubuta abin da yake faɗa, sai ga tatsuniyoyi suna fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun shiga littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Guzurin da yaron nan ya tsira da shi, a kunne ya ɗauko shi.

Irin wannan kunne ba a banza ake samunsa ba, horar da shi ake yi. Ajinsa kuwa tsakar gida ne, bayan an ci tuwon dare, farin wata ya fito, yara sun kewaye tsohuwa a kan tabarma. Za ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Idan ba a amsa mata da "Ta zo mu ji ta" ba, ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan amsar alkawari ce: mun ba ki kunnuwanmu. Kuma ba zaman kurame ake yi ba. In labari ya kai wurin waƙa, yara ne 'yan amshi, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri nan take amshinsa zai tona masa asiri. In tsohuwa ta juya wani wuri a labarin, ko da gangan ko don mantuwa, sai ka ji wata 'yar ƙaramar murya daga gefe: "Iya, ai jiya ba haka kika ce ba, kura ce ta fara shiga ramin." Tsohuwa ta yi murmushi ta gyara.

Har camfi aka kafa don tsare lokacin. Ana ce wa yara wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Rana ta aiki ce da hayaniya, dare kuwa ido ya huta, saura kunne.

Gizo shi ne babban malamin ajin, ko da yake malamin banza ne. Ga tsamin baki, sarki ma "saiki" yake ce masa, sai yaro ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci kalmar. Ga shi kuma abin da ke bakinsa daban, na cikinsa daban. Idan ya tashi yi wa kura ladabi yana zuba mata kirari, yaro ɗan shekara biyar ya san akwai wata a ƙasa. Nan ake fara koyon bambanci tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi. Kacici-kacici ya ɗora a kai: a ce "Baba na ɗaka, gemu na waje," wanda ya tsaya neman dattijo mai gemu ba zai taɓa kaiwa ga wuta da hayaƙi ba, sai dai ya ba da gari a faɗa masa.

Jarrabawar kuwa da safe ake yinta, wajen aike. A gidajen kulle yara ne ƙafar mata, su ke kai saƙo, su karɓo bashi, su sayo cefane. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan aure ta dogara a kan waɗannan yara. Saƙon kuma ba ya zuwa a miƙe. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari saboda alkunya, mata ba ta kama sunan miji. Sai ta ce, "Je ki ce wa Gwaggo, maganar nan ta rannan, in da hali." 'Yar aike ta san wace magana, ta san ba a faɗarta a gaban baƙi, ta kuma dawo da amsa yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari. Wanda ya kasa sai a ce masa kunnen ƙashi, ko a ce ba ya jin magana. Bahaushe dai da kalmar "ji" ɗaya yake auna sauraro da fahimta da biyayya, har harshe ma jin sa ake yi.

Makarantar allo ta bi wannan hanyar: malam ya biya, almajiri ya maimaita, kunne ya riga ido.

Da Turawa suka ci ƙasa, sai tatsuniya ta koma takarda. Frank Edgar, jami'in mulki a Sakkwato, ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin R. S. Rattray ya buga nasa, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Ghana. Aiki ne babba, ba don shi ba da tatsuniyoyi masu yawa sun bi tsofaffi kabari. Sai dai akwai abin lura. Maza malamai ne suka rubuta, Turawa masu koyon Hausa ne suka fara karantawa, alhali masu abin tsofaffin mata ne da jikokinsu. Labarin ya shiga littafi, amma tsamin bakin Gizo a muryar tsohuwa, da amshin yara, da 'yar nan mai cewa "jiya ba haka kika ce ba", duk an bar su a tabarma.

Marubutan gida sun yi ƙoƙarin cike giɓin. A Magana Jari Ce ta 1937, Abubakar Imam ya sa aku ya riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, wato ran yaron a sauraro ya rataya. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida don 'yan makaranta. Daga nan tatsuniya ta zama darasin aji, ana karanta ta da rana tsaka, a amsa tambayoyi a ƙarshen shafi.

Rediyo, sannan talabijin, yanzu kuma waya, kowanne ya ci rabonsa na daren. Dukansu sun iya ba da labari, wani lokaci ma fiye da Iya, amma babu wanda yake dakatawa ya jira a ce masa "ta zo mu ji ta." Mai tsohuwa a gida ya tura mata yara yau da dare, ya karɓe wayar kafin su zauna.